Sharhi a kan shafin Ballotpedia: yadda yake bibiyar zaɓen majalisun jihohin Amurka da dokar ƙayyade wa'adi

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bin diddigin siyasar Amurka daga nesa ya san cewa labarin fadar White House da na majalisar tarayya da ke Washington yana zuwa har gida ba tare da an neme shi ba, amma labarin majalisun jihohi sai an tashi tsaye an nemo shi. Ga shi kuwa a waɗannan majalisun ne ake yanke hukunci a kan makarantu, da harajin jiha, da gidajen yari, da riƙon bindiga, da zubar da ciki, kuma a jihohi da yawa su ne ke shata iyakokin mazaɓun da ake zaɓen 'yan majalisar tarayya a cikinsu. Shafin Ballotpedia yana cikin wurare ƙalilan da suka ɗauki wannan matakin na mulki da muhimmancin da ya dace da shi, kuma saboda haka na ga ya kamata a yi masa sharhi da Hausa, musamman ɓangarensa da ke bibiyar dokar ƙayyade wa'adin 'yan majalisa da abin da take haifarwa a lokacin zaɓe. Ra'ayina a kansa shi ne, wajen ƙidayar waɗanda doka ta tilasta wa sauka ban san wani shafi na kyauta da ya kama ƙafarsa ba, amma mai karatu da ke son sanin inda iko yake komawa bayan sun sauka zai tarar shafin ya tsaya a bakin ƙofa.

Ballotpedia kundin bayanai ne a intanet wanda aka buɗe a shekarar 2007, kuma a 2009 ya koma ƙarƙashin wata cibiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, wato Lucy Burns Institute, mai mazauni a jihar Wisconsin, wadda Leslie Graves ta kafa. Da farko shafin ya mayar da hankali ne a kan ƙudurorin da ake gabatar wa jama'a kai tsaye a ƙuri'ar raba gardama, kuma masu sa kai ne ke rubuta shi, amma daga baya ya faɗaɗa zuwa 'yan takara, da alƙalai, da hukumomin makarantu, ya kuma koma hannun ma'aikata da ake biya albashi su yi bincike su rubuta. Karatunsa kyauta ne, ba a neman mutum ya yi rajista kafin ya buɗe shafukansa, kuma akwai tallace-tallace da kiraye-kirayen neman gudummawa. Akwai wani abu a tarihinsa da ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri: ƙungiyar da ta fara ɗaukar nauyinsa, Citizens in Charge Foundation, tana da alaƙa da Paul Jacob, wanda ya daɗe yana cikin jagororin fafutukar ƙayyade wa'adi a Amurka. Wannan ya sa na karanta shafukansa na wa'adi da ido biyu, kuma abin da na gani shi ne alƙaluma da nassin doka a jere, ba tare da wa'azi ko yabon dokar ba. Wannan abin a yaba ne, domin batu ne da ke da magoya baya masu zafin kai da masu adawa masu zafin kai.

Girman aikin da shafin ya ɗora wa kansa yana bayyana ne idan aka dubi yawan kujerun. Jihohi 50 na Amurka suna da zauruka 99 na majalisa, domin kowace jiha tana da majalisar dattawa da ta wakilai, in ban da Nebraska wadda take da zaure ɗaya tak mai sanatoci 49 da ake zaɓa ba tare da an rubuta jam'iyyarsu a takardar ƙuri'a ba. Jimillar kujerun ta kai 7,386. Bambancin da ke tsakanin majalisun kuwa yana da yawa ƙwarai: majalisar wakilan New Hampshire tana da mambobi 400 da ake biyan kowannensu dala 100 a shekara, alhali Kalifoniya, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, tana da sanatoci 40 da wakilai 80 waɗanda aikin majalisa shi ne sana'arsu ta cikakken lokaci. Mafi yawan jihohi suna zaɓe a shekarun da ake zaɓen majalisar tarayya, amma Louisiana da Mississippi da New Jersey da Virginia suna nasu a shekarun da ke tsakani. Ballotpedia tana ware wa kowane zaure shafinsa na kowane zaɓe, tana jera mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, da sunayen 'yan takara a zaɓen fidda gwani da babban zaɓe, da sakamakon ƙuri'u, kuma tana ajiye na shekarun baya yadda mutum zai iya komawa ya ga wanda ya riƙe kujerar shekaru goma da suka wuce da tazarar da ya ci da ita.

A kan ƙayyade wa'adi, abu na farko da shafin ya yi daidai shi ne bai ɗauki dokar a matsayin abu guda ba. A yau jihohi 16 ne ke ƙayyade wa'adin 'yan majalisunsu: Arizona, Arkansas, Kalifoniya, Colorado, Florida, Louisiana, Maine, Michigan, Missouri, Montana, Nebraska, Nevada, North Dakota, Ohio, Oklahoma da South Dakota. Amma dokar Oklahoma, wadda ta ba mutum shekara 12 a majalisa a tsawon rayuwarsa sannan ya tafi ke nan har abada, ba ɗaya take da ta Ohio ba, inda iyakar ita ce shekara takwas a jere a zaure ɗaya, kuma mutum yana iya tsallakawa ɗaya zauren ko ya huta ya dawo. Missouri ta ba da shekara takwas a kowane zaure a tsawon rayuwa, Nevada ta ba da 12 a kowane zaure, Louisiana kuma 12 a jere. Shafin yana raba jihohin zuwa masu haramcin dindindin da masu iyakar shekaru a jere, kuma wannan rabon shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya, domin dokar da ke rufe ƙofa har abada da dokar da ke cewa a fita a zagayo ba sa haifar da irin 'yan siyasa ɗaya.

Ɓangaren tarihi shi ne inda asalin shafin ya fi yi masa amfani. Kusan duk waɗannan dokoki jama'a ne suka kawo su ta hanyar tara sa hannu da jefa ƙuri'ar raba gardama, ba 'yan majalisa ne suka ɗaure kansu ba, kuma Louisiana ce kaɗai cikin jihohin 16 da ba ta da tsarin da ke ba jama'a damar gabatar da ƙuduri da kansu, inda majalisar ce ta miƙa gyaran ga masu zaɓe a 1995. Da yake Ballotpedia ta fara rayuwarta ne a matsayin ma'ajiyar irin waɗannan ƙudurori, mai karatu yana samun shafi na musamman a kan kowannensu, da nassin tambayar da aka yi wa masu zaɓe, da yawan ƙuri'un amincewa da na ƙi. Daga nan ne mutum zai ga yadda guguwar ta taso a 1990 a Kalifoniya da Colorado da Oklahoma, ta yi ƙarfi a 1992 lokacin da jihohi da dama suka bi sahu a rana ɗaya, sannan ta lafa bayan Nebraska ta amince da tata a shekarar 2000, har sai da North Dakota ta shigo a 2022. Zai kuma ga cewa jihohi shida sun taɓa samun dokar suka rasa ta: kotuna sun soke ta a Massachusetts da Washington da Oregon da Wyoming, yayin da a Idaho a 2002 da Utah a 2003 'yan majalisar da kansu suka shafe ta. Shafin bai manta da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1995 ba, a shari'ar da ta taso daga Arkansas, inda alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa jiha ba ta da hurumin ƙayyade wa'adin 'yan majalisar tarayya, abin da ya sa dokokin suka tsaya a kan majalisun jihohi kawai.

A kowace shekarar zaɓe shafin yana fitar da wani rahoto a kan tasirin ƙayyade wa'adi, kuma shi ne zuciyar abin da nake sharhi a kai. Rahoton yana nuna yawan sanatoci da wakilai da ba za su iya sake tsayawa ba, yana raba su tsakanin 'yan Democrat da 'yan Republican, yana lissafa kason kujerun kowane zaure da abin ya shafa, yana kawo sunayensu jiha bayan jiha, sannan ya kwatanta da zaɓukan baya. A zaɓukan 2018 da 2022 adadin ya haura mutum 200 a faɗin ƙasar. Amfanin wannan lissafi ga ɗan jarida ko ɗalibi a fili yake, domin kujerar da mai ita ba ya takara ita ce ake fi gwabzawa a kanta, kuma tun watanni kafin zaɓe mutum zai iya sanin zauren da zai wayi gari da sababbin fuskoki. Majalisar dattawan Michigan misali ce mai kyau: da yake dukkan kujerunta 38 ake zaɓa a lokaci ɗaya duk bayan shekara huɗu, kuma tsohuwar dokar jihar wa'adi biyu kawai ta ba sanata, an samu zaɓuka irin na 2010 da 2018 da fiye da rabin zauren ya tafi gida a tashi ɗaya. Wanda ya ga wannan a jadawali zai fahimci dalilin da ya sa masu zaɓen Michigan suka amince a 2022 a sauya dokar zuwa shekara 12 jimilla da mutum zai iya yi duka a zaure guda.

Shafin yana haɗa wannan da wani rahoton na shekara-shekara a kan zafin takara, wanda yake auna abubuwa uku: yawan kujerun da babu mai ci a cikin masu nemansu, da yawan masu ci da suka fuskanci ƙalubale a zaɓen fidda gwani, da yawan mazaɓun da manyan jam'iyyun biyu duka suka tsayar da ɗan takara. Abin da ke fitowa daga wannan rahoton yana tayar da hankalin duk mai kishin dimokuraɗiyya, domin a zaɓukan baya-bayan nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun jihohi jam'iyya ɗaya ce kaɗai daga manyan biyun ta neme su. Idan aka ajiye rahotannin biyu kusa da juna za a ga cewa ƙayyade wa'adi yana buɗe kujera, amma ba lallai ne ya sauya jam'iyyar da ke riƙe da ita ba, tunda mazaɓar da aka shata don ta zama ta jam'iyya ɗaya za ta ci gaba da zama tata ko wa ya sauka. Shafin ya ba da kayan da za a iya kai wa ga wannan fahimta, sai dai ya bar wa mai karatu aikin haɗa su, kuma ina ganin da ya ƙara ko da jadawali ɗaya ne da ke nuna kujeru nawa ne daga cikin waɗanda wa'adi ya buɗe suka sauya hannu bayan an gama zaɓe, a wuri mai sauƙin gani, da rahoton ya fi cika sunansa.

Nan ne na zo kan babban abin da nake ganin ya rage. Rahoton da ke ɗauke da kalmar tasiri a sunansa yana amsa tambayar su wa suka tafi da kuma su nawa ne, amma tasirin gaske na wannan doka yana faruwa ne bayan an rantsar da sababbin mambobi, a cikin kwamitoci da wajen tsara kasafin kuɗi da kuma dangantakar majalisa da gwamna. A shekarun 2000 ƙungiyar majalisun jihohi ta ƙasa, wato NCSL, tare da wasu ƙungiyoyi biyu da malaman kimiyyar siyasa, ta gudanar da wani dogon bincike na haɗin gwiwa a kan jihohin da ke da dokar, kuma abin da ya fi fitowa fili a sakamakonsa shi ne cewa majalisu sun yi rauni a gaban ɓangaren zartarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shugaban kwamitin kasafi da ya shekara biyu ko huɗu kacal a majalisa yana zama ne gaban shugabannin ma'aikatu da suka shekara ashirin suna aikin, da masu kamun ƙafa na kamfanoni da suka san tarihin kowace doka tun daga ranar da aka rubuta ta, kuma kafin ya gama koyon inda ake ɓoye kuɗi a cikin kundin kasafi, lokacin tafiyarsa ya yi. Binciken da malaman Jami'ar Wayne State suka shafe shekaru suna yi a kan majalisar Michigan shi ma ya nuna raguwar sa ido a kan ma'aikatun gwamnati. Haka nan fatan da aka yi cewa dokar za ta cika majalisu da talakawa masu sana'a da za su yi hidima su koma gida bai tabbata yadda aka zata ba, domin da yawa daga cikin sababbin shiga tsofaffin kansiloli ne da masu riƙe da muƙaman ƙananan hukumomi, kuma da yawa daga cikin masu sauka wata kujerar suke nema. Mai karatun rahoton zaɓe na Ballotpedia kaɗai ba zai ji nauyin wannan ba.

Abin mamaki shi ne labaran da ke nuna wannan tasirin suna nan a cikin shafin, a warwatse cikin tarihin rayuwar mutane, sai dai wanda ya riga ya san sunayen ne zai iya tattaro su. A Kalifoniya, Willie Brown ya riƙe kujerar kakakin majalisar wakilai daga 1980 zuwa 1995, kuma mutane da yawa suna ganin shi aka nufa da dokar 1990 wadda ta ba wakili shekara shida, sanata kuma takwas. Bayan ya sauka ya zama magajin garin San Francisco, sai kujerar da mutum ɗaya ya riƙe kusan shekara 15 ta ratsa hannun mutum 11 tsakanin 1995 da 2016. A cikinsu akwai Karen Bass, baƙar fata mace ta farko da ta shugabanci zauren majalisar jiha a Amurka, wadda daga baya ta zama magajiyar garin Los Angeles, kuma magoya bayan dokar suna da haƙƙin nuna ta a matsayin shaida cewa idan tsofaffi suka matsa, wasu da ba a saba gani ba suna samun wuri. Amma masu zaɓen jihar da kansu sun ga illar saurin juyawar, suka gyara dokar a 2012 zuwa shekara 12 jimilla, kuma bayan gyaran ne Anthony Rendon ya iya zama kakaki daga 2016 zuwa 2023. A Florida, inda iyakar ita ce shekara takwas, al'adar da ta kafu ita ce 'yan majalisar da suka shigo tare su tsayar da wanda zai zama kakaki a cikinsu shekaru da dama kafin lokacin ya zo, wato ana zaɓen shugaba tun kafin a ga aikinsa, kuma Marco Rubio, wanda daga baya ya zama sanatan tarayya, ya yi nasa shugabancin na shekara biyu daga 2006 zuwa 2008.

Labarin Ernie Chambers na Nebraska shi ne ya fi taɓa ni a cikin duka. Wanzamin aski ne daga arewacin birnin Omaha, ya shiga majalisa a 1971, ya shafe shekaru masu yawa shi kaɗai ne baƙar fata a zauren, ya kuma ƙware a ƙa'idojin majalisa har ya zama yana iya tsayar da ƙudurin da yake ganin zai cutar da marasa ƙarfi. Dokar shekarar 2000 ta fitar da shi a 2009 bayan shekara 38. Mutanen mazaɓarsa suka jira shekara huɗu, suka mayar da shi a 2013, dokar ta sake fitar da shi a 2021. Ko mutum yana goyon bayan ra'ayoyinsa ko ba ya goyon baya, tambayar da rayuwarsa ta aje tana da nauyi: shin masu zaɓen jiha baki ɗaya suna da haƙƙin hana mutanen unguwa ɗaya wakilin da suke so? A jadawalin shekara, Chambers lamba ɗaya ce a cikin jimilla. A Ohio kuma an yi 'yan majalisa biyu daga yankin Canton, Kirk Schuring da Scott Oelslager, da suka riƙa musayar kujerun wakilai da na dattawa a tsakaninsu duk lokacin da wa'adi ya cika, abin da doka ba ta hana ba, kuma a lissafi kowannensu yana fitowa a matsayin wanda wa'adi ya sauke alhali bai bar ginin majalisar ba.

Batun cin hanci ma, wanda shi ne hujjar da ta fi jan hankalin jama'a, yana buƙatar a ajiye misalai biyu gefe da gefe. Illinois ba ta da dokar wa'adi, kuma Michael Madigan ya riƙe kakakin majalisar wakilanta daga 1983 zuwa 2021, in ban da shekara biyu a tsakiya, sannan a 2025 kotun tarayya ta same shi da laifin cin hanci. Wannan misali ne da masu son dokar ke kafa hujja da shi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma Ohio tana da dokar tun 1992, kuma hakan bai hana Larry Householder, wanda ya yi kakaki daga 2001 zuwa 2004, ya tafi, ya dawo ya sake hawa a 2019, shiga badaƙalar kusan dala miliyan 60 da ta shafi kamfanin wutar lantarki na FirstEnergy ba, inda aka yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2023. Dukkan mutanen biyu suna da shafi a Ballotpedia da bayanin tuhumar da aka yi musu, kuma an rubuta su cikin natsuwa, ba tare da ƙarin gishiri ba. Na fahimci cewa cibiyar da ke son kowane ɓangare ya amince da ita tana gudun yanke hukunci, kuma ina girmama wannan, amma kawo sakamakon binciken masana na ɓangarorin biyu a cikin rahoton kowace shekara ba ɗaukar ɓangare ba ne, cika bayani ne.

Ta fuskar sauƙin amfani, shafin ya fi dacewa da kwamfuta fiye da waya. Jadawalinsa masu faɗi ne, shafukan zaɓe suna da tsawo sosai, kuma wanda ke karatu a ƙaramar waya da tsadar data zai so a ce an rage nauyinsu. Komai da Turanci yake, kuma Turanci ne na doka da siyasa wanda yake ɗauka cewa mai karatu ya san tsarin Amurka, ko da yake kusan kowace kalma mai wuya tana da mahaɗi zuwa shafin da ke bayaninta. Akwai wasiƙar labarai ta kullum mai suna Daily Brew da ake aikawa ta imel kyauta, wadda take taƙaita abubuwan da suka faru a jihohi, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son ya ɓace cikin dubban shafuka. Akwai kuma tambayoyin Candidate Connection da 'yan takara ke amsawa da kansu, sai dai ba kowa ke amsawa ba, don haka shafin wani ɗan takara yana cike da bayani, na abokin karawarsa kuma suna ne da jam'iyya kawai. Wajen nassin dokokin wa'adi yana da kyau a riƙa gwada abin da aka samu da jadawalin NCSL, musamman ga jihohin da suka yi ta sauya dokarsu, kamar Arkansas da ta fara da shekara shida da takwas a 1992, ta koma 16 jimilla a 2014, sannan a 2020 ta koma 12 a jere tare da damar dawowa bayan hutun shekara huɗu.

Ga mai karatu a Najeriya akwai dalili na musamman na leƙa wannan shafin. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa da gwamnoni wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, amma bai sa wa 'yan majalisar tarayya ko na jihohi 36 iyaka ba, kuma lokaci-lokaci ana jin kiran a sa musu. Kafin a ɗauko misalin Amurka a wannan muhawara ya kamata a lura cewa matsalar da ta haifi dokar a can ita ce masu ci ba sa faɗuwa zaɓe, alhali a Najeriya zaɓen fidda gwani da tsarin karɓa-karɓa da ikon gwamnoni a kan jam'iyya sun riga suna sauya kaso mai yawa na 'yan majalisa a kowane zango, kuma kukan da aka fi yi a kan majalisun jihohi shi ne sun zama 'yan amshin shatan gidan gwamnati. Idan binciken Amurka ya nuna cewa ƙayyade wa'adi yana ƙara wa gwamna ƙarfi a kan majalisa, to wannan abu ne da ya kamata masu kiran su auna da kyau. Abin da ya fi cancanta a yi koyi da shi, a ganina, shi ne aikin ajiye bayanai kansa: wurin da mutum zai buɗe ya ga kowace kujera cikin 40 na majalisar dokokin Kano, wa ya riƙe ta tun 1999, sau nawa ta sauya hannu, kuma da ƙuri'a nawa.

Ina ba ɗan jarida, da malamin kimiyyar siyasa, da ɗalibin da ke rubuta kundin digiri shawarar su fara daga shafin bayanin jihohin da ke da dokar, su wuce zuwa rahoton shekarar zaɓen da suke nazari, sannan su zaɓi jiha ɗaya su bi sunayen da ke cikin jerin ɗaya bayan ɗaya don ganin inda kowannensu ya nufa bayan saukarsa, domin shafukan tarihin mutanen suna nuna wanda ya tsallaka ɗaya zauren, da wanda ya nemi majalisar tarayya, da wanda ya bar siyasa. Jihar da ta fi dacewa a sa wa ido a shekaru masu zuwa ita ce North Dakota, wadda dokarta ta 2022 ta ba da shekara takwas a kowane zaure ba tare da lissafa shekarun da aka yi kafin 2023 ba. Wannan yana nufin akwai cikakken tarihin majalisar kafin dokar ta fara cizo, kuma Ballotpedia ta riga ta ajiye sunaye da sakamakon zaɓukan da za a kwatanta da su idan rukunin farko na waɗanda wa'adinsu ya cika suka fara sauka.